Tiyata da Mutum-mutumi a Lokacin Korona: A Ina Majinyaci Yake Kwasar Cutar?

Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris 2020, manyan asibitocin Turai da Amurka masu na'urar tiyata ta mutum-mutumi sun shiga tsaka mai wuya. Ga masu ciwon daji na mafitsara, da ƙoda, da hanji, da mahaifa suna jiran aiki, kuma ciwonsu ba ya jira. Ga kuma tsoron a kawo mutum lafiyar huhunsa ƙalau, a yi masa aiki, ya koma gida da cutar da za ta kashe shi kafin dajin ya kashe shi. Haɗakar likitocin tiyata ta COVIDSurg, wadda ake jagoranta daga Jami'ar Birmingham a Ingila, ta ƙiyasta cewa ayyukan tiyata kusan miliyan 28 za a soke ko a ɗage a faɗin duniya cikin makonni 12 na ganiyar annobar.

Tsoron yana da tushe. A ƙarshen Mayun 2020 haɗakar ta fitar da sakamakon majinyata 1,128 daga asibitoci 235 a ƙasashe 24, waɗanda aka samu da korona dab da tiyata ko jim kaɗan bayanta. Kashi 51 cikin 100 sun samu matsalar huhu, kashi 23.8 kuma sun rasu cikin kwana 30. Gaskiya ne kusan kashi uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne, kuma a lokacin waɗanda suka jigata aka fi yi wa gwaji, don haka adadin ya ɗan kumbura. Amma ko a cikin waɗanda aka tsara wa aiki tun da wuri, mace-macen sun kai kusan kashi 19. Wani abu da ya kamata a riƙe daga wannan rahoto shi ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka tabbatar suna da cutar kafin aiki. Mafi yawa bayan aikin aka gano ta. Waɗansu sun shigo da ita a ɓoye, waɗansu a asibitin suka same ta, kuma rarrabe waɗannan biyun shi ne mafi wahalar al'amarin gaba ɗaya.

Sai an san yadda aikin yake tafiya kafin a gane inda kafar take. Na'urar da ta fi yaɗuwa ita ce da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical da ke California, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2000. Ba ita take yin aiki da kanta ba. Kashi uku ce: mazaunin likita, inda yake cusa goshinsa cikin madubin kallo yana sarrafa hannuwa da yatsunsa da ƙafafunsa; keken da ke ɗauke da hannuwa huɗu a kan majinyaci; da hasumiyar da ke ɗauke da kyamara, da wuƙar lantarki, da na'urar hura iska. Ana huda ciki wuri huɗu zuwa shida. Bututun hannuwan na'urar faɗinsu milimita 8 ne, sannan akwai na mataimakin likita, galibi milimita 12, wanda ta nan ake zuƙe jini, a miƙa zare, a saka ƙarfen ɗaure jijiya. Don a samu sararin aiki ana hura iskar kabon dayoksaid cikin cikin har matsinta ya kai 12 zuwa 15 a ma'aunin milimitar zaiba. A aikin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da aikin mahaifa da na dubura, ana karkatar da gadon kai ya yi ƙasa da kusan digiri 25 zuwa 30 domin hanji ya zame daga ƙugu, kuma majinyaci yakan kwashe awa biyu zuwa huɗu a haka, aikin cire mafitsara ma ya fi.

Wannan iskar ce ta fara tayar da hankali. Ciki yakan ɗauki 'yan litoci ne kawai a lokaci guda, amma a tsawon aiki na'urar tana iya hura gomman lita, wani lokaci ɗaruruwa, domin iskar tana ta tsiyaya ana cike gurbinta. Tana fita ta gefen bututu idan an yanka fata ya yi faɗi, ta bakin robar da ta gaji, a duk lokacin da aka canza kayan aiki, da kuma lokacin da aka zura siririn ƙarfe ta cikin bututu mai faɗi. Tana tafe da hayaƙin naman da wuƙar lantarki ta ƙona. An daɗe da sanin cewa hayaƙin tiyata yakan ɗauki ƙwayoyin cuta: an samu ƙwayar HPV, mai haddasa tsiro a fata, a hayaƙin ƙona tsiro da hasken laza tun shekarun 1980, kuma a 2016 likitoci a Koriya ta Kudu sun samu alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a hayaƙin majinyata 10 cikin 11 masu ɗauke da ita da aka yi wa tiyatar huji, wato aikin da ake yi ta ƙananan huji ba tare da tsaga ciki ba. Da likitoci a Pisa ta Italiya suka ba da rahoton samun alamar korona a ruwan cikin wani majinyaci a 2020, sai tsoron ya ƙaru. Ƙungiyoyin likitocin tiyata na Birtaniya a ƙarshen Maris ɗin shekarar sun ba da shawarar a yi taka-tsantsan da tiyatar huji, wasu asibitoci kuma suka koma tsaga ciki gaba ɗaya.

A ganinmu wannan komawar kuskure ce da aka yi da kyakkyawar niyya. Samun ɓurɓushin ƙwayar halittar cuta a hayaƙi daban, samun rayayyiyar cuta mai iya kama mutum daban. Binciken da suka biyo baya sau da yawa ba su samu korona a ruwan ciki ba ko ga waɗanda hancinsu ya nuna suna da ita, kuma har annobar ta lafa ba a kafa hujjar cewa wani ya kamu ta hayaƙin tiyatar huji ba. Sannan tsaga ciki ma yana fitar da hayaƙi, kuma nasa kai tsaye yake tashi zuwa fuskar likita, alhali na tiyatar huji yana tsare cikin ciki inda za a iya zuƙe shi ta matata. Abu mafi muhimmanci, hayaƙin majinyaci haɗari ne ga ma'aikata. Shi majinyacin da ya shigo ba shi da cutar, hayaƙin cikinsa ba zai ba shi ita ba. Watannin farko an kashe ƙarfi da yawa a kan tambayar da ba ita ce ta majinyaci ba.

Duk da haka matakan da aka ɗauka kan iskar masu kyau ne, kuma ba su da tsada. Ana yanka fata daidai faɗin bututu. Ana rage matsin zuwa 8 ko 10 idan aiki ya yiwu a haka, ko da yake ga mai ƙiba ko inda jini ke tsiyaya daga jijiyoyin bayan ƙashin mara likita yakan mayar da shi sama na ɗan lokaci. Ana rage ƙarfin wuƙar lantarki, a daina dogon ƙuna a wuri ɗaya. Ba a buɗe famfon bututu iska ta fita cikin ɗaki don hoto ya washe, sai ta bututun da ke da matata. Matata nau'in HEPA tana kama kashi 99.97 na ƙura mai girman maikiron 0.3 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ta ULPA kuma kashi 99.999 na mai girman kusan 0.12. Ƙwayar korona kusan maikiron 0.1 ce, abin da ya sa wasu suka ce za ta wuce, amma ba tsirara take yawo ba, tana cikin ɗigon ruwa da ya fi ta girma, kuma irin waɗannan matatu suna kama ƙananan abubuwa ta hanyar mannewa a zarensu, ba ta girman huji kaɗai ba. Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙarshen aiki. Kafin a faɗaɗa huji a ciro furostet ko ƙodar da ke cikin jaka, kafin a buɗe saman farji a ciro mahaifa, kafin a zare bututu, dole a kashe na'urar hurawa a zuƙe iskar duka. In ba haka ba, litocin da ke ciki za su fito lokaci guda a fuskar mataimaki, wanda shi ne a gindin majinyaci yayin da babban likita yake can gefen ɗaki.

Akwai ayyukan mutum-mutumi da dokarsu ta bambanta. Wanda ake yi ta baki don cire dajin maƙogwaro ko gindin harshe yana taɓa ainihin mazaunin cutar, haka ma aikin huhu. Duk aikin da za a buɗe hanji, kamar cire mafitsara inda ake yanko guntun ƙaramin hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya, yana da nasa haɗari domin alamar korona takan daɗe a bayan gida ko bayan hanci ya nuna babu. A fitsari kuwa da wuya ake samun ta.

Daƙiƙun da suka fi haɗari a ɗakin tiyata ba su da alaƙa da mutum-mutumi ko kaɗan: lokacin saka bututun numfashi da lokacin cire shi, sa'ad da majinyaci yake tari. Nan lissafin iska yake aiki. Ɗakin da ke canza iskarsa sau 20 a awa yana kawar da kashi 99 na abin da ke yawo cikin minti 14, kashi 99.9 cikin minti 21. Mai sau 15 yana buƙatar minti 18 da 28. Ɗakin da ke canzawa sau 6 kawai, kamar yadda ɗakunan kwanciya da yawa suke ko ma ƙasa da haka, yana buƙatar minti 46 da 69. Duk wanda ya kalli waɗannan alƙaluma zai ga cewa ɗakin tiyata, inda kowa yake sanye da takunkumi kuma iska take gudu, shi ne wuri mafi aminci da majinyaci zai shiga a asibiti. Matsalarsa guda ita ce an gina shi ya riƙa tura iska waje don kare rauni, don haka idan mai cutar ne a kan gado, abin da ya fitar yana bin ƙofa zuwa baranda duk lokacin da aka buɗe ta. Mazaunin likita kuma wuri ne da mutane da yawa suke dafawa da goshi da hannu a rana ɗaya, kuma likitoci sukan cire gilashin kariya a wurin saboda yana hana su gani, don haka goge shi tsakanin aiki da aiki wajibi ne.

To ina majinyaci yake kwasar cutar? A gadon da ke kusa da nasa, a hannun ma'aikacin da bai san yana ɗauke da ita ba, a ɗakin farfaɗowa inda ake jera masu aikin gaggawa da waɗanda aka tsara wa, a banɗakin da mutum shida suke amfani da shi, a layin ɗaukar hoto, a wurin mai ziyara. Wani nazari na asibitoci 314 a Birtaniya ya ƙiyasta cewa a zangon farko na annobar, kusan kashi 11 cikin 100 na masu korona da ke kwance a asibiti bayan an kwantar da su ne suka kamu. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga COVIDSurg a ƙarshen 2020, kan masu ciwon daji 9,171 a asibitoci 447 cikin ƙasashe 55. Waɗanda aka bi da su ta keɓantacciyar hanya, wato ɗakin tiyata, da sashen kulawa ta musamman, da ɗakin kwanciya duk babu mai korona a ciki, kashi 2.1 ne suka kamu bayan aiki, idan aka kwatanta da kashi 3.6 a asibitocin da ba su raba ba. Matsalar huhu kuma kashi 2.2 ne da 4.9. Ba wuƙa aka canza ba, wuraren da majinyaci yake bi aka raba.

Nan ne amfanin mutum-mutumi na gaskiya yake, kuma ya kamata a faɗe shi gwargwadonsa. Yana rage kwanakin zama. A gwajin da aka yi a Brisbane ta Ostireliya aka buga a 2016, waɗanda aka cire wa furostet da na'urar sun yi kusan kwana ɗaya da rabi a asibiti, na tsagawa kuma sun haura kwana uku. Jini kaɗan ke zuba, don haka ba a cika buƙatar ƙarin jini ko gadon kulawa ta musamman ba, wanda a 2020 yana cike da masu korona. Raunin ƙarami ne, mutum yana iya jan dogon numfashi da yin tari ba tare da azaba ba, ya tashi ya taka a daren ranar. Amma wannan ratar ba ɗaya take a kowane aiki ba. A cire mafitsara, gwajin RAZOR na Amurka a 2018 ya nuna kwana 6 da na'ura, 7 da tsagawa, gwajin iROC na Birtaniya a 2022 kuma ya nuna masu na'ura sun fi samun kusan kwana biyu a wajen asibiti cikin kwana 90 bayan aiki. Wanda zai kwana shida a ɗaki mai gado shida bai tsira ba don an yi masa aiki da na'ura. Sannan tiyatar huji ta hannu, wadda ba ta da mutum-mutumi, tana ba da kusan duk wannan amfanin a ayyuka da yawa. Kariyar tana zuwa ne daga ƙaramin rauni da saurin sallama, ko da wane kayan aiki aka samu hakan.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Karkatar da kai ƙasa tare da iska a ciki yana tura tantanin da ke raba ƙirji da ciki sama, ƙasan huhu ya matse ya rufe, likitan sa barci ya ƙara matsin na'urar numfashi, fuska da maƙogwaro su kumbura. Lafiyayyen huhu yana warwarewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Huhun da korona ta riga ta shiga ba a sani ba kuwa, an haɗa masa duka biyu. Shi ya sa tantancewa kafin aiki ta fi muhimmanci ga irin wannan tiyata.

Tantancewar kuma tana da huji. Ƙa'idar da aka fi bi a lokacin annobar ita ce gwajin korona na PCR cikin awa 72 kafin aiki, da killace kai daga lokacin gwajin zuwa shigowa. Amma gwajin ba ya ganin cutar da ta shiga jiya. Wani nazari daga Jami'ar Johns Hopkins a 2020 ya ƙiyasta cewa a rana ta huɗu bayan kamuwa, kusan kashi 67 na gwaje-gwaje suna cewa babu alhali akwai, a ranar da alamu suka fara kashi 38, mafi kyawun lokaci kuma, wajen rana ta takwas, kashi 20. Mutum zai iya kamuwa ranar Asabar, a gwada shi Litinin a ce lafiya lau, a yi masa aiki Alhamis, zazzaɓi ya rufe shi Juma'a, ya kuma raba wa maƙwabtan gadonsa. Ingila ta fara da killace majinyaci da iyalinsa kwana 14, daga baya aka sassauta, kuma wani binciken COVIDSurg na 2021 ya nuna cewa killacewar ba ta rage matsalar huhu ba, ma dai an ga ɗan ƙari ga waɗanda suka killace. Dalilin da aka fi zato shi ne tsoho da ya zauna a ɗaki mako biyu ba tafiya, ba cin kirki, yana shiga tiyata a raunane. Killacewa tana buƙatar motsa jiki da atisayen numfashi a cikinta.

Yanzu ga babbar matsalar alƙaluman. A 2020 da 2021 an buga rahotanni da dama daga asibitocin Faransa, Jamus, Birtaniya da sauransu, kowanne yana cewa an yi wa mutum gommai ko 'yan ɗaruruwa aiki da mutum-mutumi kuma babu wanda ya kamu, ko ɗaya ko biyu kawai. Labari ne mai daɗi, kuma mun yi imanin akasarinsa gaskiya ne. Amma mai karatu ya lura da abu uku da ke cikinsu. Na farko, ƙanƙanta: idan aka bi mutum 60 ba a samu ko ɗaya ba, lissafi bai hana haɗarin gaskiya ya kai kashi 5 cikin 100 ba, wanda ya fi na asibitocin da ba su raba majinyata ba. Na biyu, zaɓe: waɗanda aka yarda a yi wa aiki a watannin nan su ne masu ƙarfi, a asibitocin da suka fi tsari, don haka ba a san nawa ne rabon na'urar ba, nawa ne rabon tsarin.

Na uku ya fi su duka nauyi, kuma yana cikin ma'anar kamuwa a asibiti kanta. Hukumomin lafiya na Turai da Birtaniya sun raba shi bisa ranar da cutar ta bayyana. Cikin kwana biyun farko da kwanciya ana cewa daga gari aka zo da ita. Kwana 3 zuwa 7 ba a yanke hukunci. Kwana 8 zuwa 14 mai yiwuwa a asibiti ne. Kwana 15 zuwa sama tabbas a asibiti ne. An gina wannan a kan cewa korona ta farko tana ɗaukar kusan kwana biyar kafin ta nuna, kusan duk wanda zai nuna kuma ya nuna cikin kwana 12. To wanda aka cire wa furostet ranar Talata aka sallame shi Laraba ba zai taɓa shiga rukuni na uku ko na huɗu ba yana kwance. Idan ya kamu a daren da ya kwana a can, a gida zai fara tari ranar Lahadi, kuma rajistar gari ce za ta ɗauke shi, sai fa idan an mayar da shi asibitin kuma wani ya haɗa lissafin. Saurin sallamar da ke rage haɗarin shi ne kuma yake ɓoye ragowarsa. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya kamu daga jikansa da ya zo gaishe shi kwana uku bayan sallama ana iya ɗora wa asibiti. Ga kuma dawowa cire robar fitsari bayan kwana 7 zuwa 10, wadda zama ce a ɗakin jira tare da mutane, kuma ba ta shiga lissafin kowa. Da nau'in Omikiron ya zo a ƙarshen 2021 da kwanakin ɓuyansa kusan uku, ma'aunin ya ƙara karkacewa.

Gane cutar bayan aiki ma aiki ne. Zazzaɓi a kwana ɗaya ko biyun farko abu ne da aka saba. Wani nau'in ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta yana raguwa bayan babbar tiyata, ma'aunin kumburi da na daskarewar jini suna hawa, hoton ƙirji yana nuna ƙasan huhu a matse. Duk waɗannan su ne alamun korona. An yi kuskure ta ɓangarori biyu. An ɗauki korona a matsayin zazzaɓin bayan aiki aka bar mutum a ɗaki da wasu. An kuma ɗauki ɗinkin hanjin da ya tsage a rana ta biyar a matsayin korona, aka killace mutum ana jiran sakamako alhali hoton ciki da komawa tiyata yake buƙata. Ƙa'idar da ta fi tsare rai ita ce a yi duka biyun lokaci guda: a keɓe, a gwada, a kuma nemi matsalar aikin kamar babu annoba. Wanda aka tabbatar ya kamu yana buƙatar kulawa kan gudan jini, domin a alƙaluman COVIDSurg toshewar jijiya ta tashi daga kashi 0.5 ga marasa cutar zuwa 2.2 ga waɗanda suka kamu dab da aiki, kuma aikin daji a ƙugu da kansa yana cikin waɗanda ake ba da allurar tsinka jini har kwana 28.

Ɗage aiki ba mafita ce kyauta ba. Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu na tiyatar daji yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 6 zuwa 8 a kan yadda yake. Amma cututtukan ba ɗaya ba ne. Dajin furostet mai sanyin tafiya yana jure watanni, mai zafi ma ana iya riƙe shi da allurar danne sinadarin namiji. Dajin mafitsara da ya ci tsoka ba a son ya wuce mako 12. Ga wanda ya riga ya kamu da korona kuma, nazarin majinyata 140,231 a ƙasashe 116 da aka yi wa aiki a Oktoban 2020 ya ba da ma'auni: mace-mace kusan kashi 4 idan an yi aiki cikin mako biyu, 3.6 a mako na biyar da na shida, sai ya sauko 1.5 daidai da marasa cutar daga mako na bakwai, in dai alamu sun gushe. Wannan kafin rigakafi ne. Zuwa 2023 ƙungiyoyin likitoci a Birtaniya da Amurka sun sassauta: a guji aikin da ba na gaggawa ba cikin mako biyu, tsakanin biyu da bakwai kuma a auna girman aikin da ƙarfin mutum.

Mu a nan Najeriya na'urar ba ta yawaita ba, amma maganar ta taɓa mu ta hanya biyu. Masu hali suna zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai don aikin furostet da ƙoda, kuma tafiyar tana rushe duk tsarin da aka bayyana: gwajin da aka yi kafin jirgi bai san abin da aka kwasa a filin jirgi ba, masauki da mai jinya ba sa cikin keɓantacciyar hanya, kuma idan zazzaɓi ya tashi bayan dawowa, likitan da ya yi aikin yana wata nahiya. A lokacin ɓarkewar cutar numfashi, wanda zai yi irin wannan tafiya ya isa da kwanaki a gaba, a sake gwada shi da mai rakiyarsa a can, ya kuma dawo da cikakkiyar takardar aikin. Hanya ta biyu ita ce tiyatar huji ta hannu da ake yi a asibitocin koyarwa, wadda duk dokokin iska da matata suka hau kanta. Sai dai a tuna cewa kowace ƙwayar cuta da hanyarta. A Janairun 2020 likitoci biyu sun rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan aikin da aka yi wa wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da shi ba. Daga mutum zuwa mutum, Lassa ta jini da ruwan jiki take bi, don haka abin da ke tsare rai a can shi ne zargin cutar tun a ƙofa, da safar hannu biyu, da kariyar ido, da kula da allura, fiye da lissafin canjin iska.

Asibitin da yake son sanin adadinsa na gaskiya a annoba ta gaba dole ya tsara ƙidayar tun kafin majinyaci na farko. A gwada kowa ranar shigowa da ranar sallama, ko yana da alama ko babu. A sake gwadawa ranar cire robar fitsari ko ɗinki, tunda ranar ta faɗo daidai lokacin da cutar da aka kwasa a ɗakin kwanciya za ta nuna. A kira shi a waya rana ta 14 da ta 30, a tambayi lafiyarsa da ta mutanen gidansa, da wanda ya fara tari a cikinsu. A rubuta lambar gadon da ya kwanta, da waɗanda suka kwana kusa da shi, da ma'aikatan da suka yi aiki a daren, a riƙa gwada su ma'aikatan sau ɗaya ko biyu a mako kuma a hana su zirga-zirga tsakanin ɗakin masu cutar da na marasa ita. Idan mutum biyu suka kamu a ɗaki ɗaya cikin mako biyu, a aika samfurinsu a karanta jerin ƙwayar halittar cutar, domin shi ne zai nuna ko iri ɗaya ce ta bi gado zuwa gado ko kowa daga gidansa ya zo da tasa. Sannan a kwatanta waɗanda aka yi wa aiki da mutum-mutumi da waɗanda aka tsaga ko aka yi wa huji da hannu a asibiti ɗaya, ɗaki ɗaya, wata ɗaya, tare da ƙirga kwanakin da kowanne ya yi.